Garejin da ya tsayar da yoyon mai a ƙafar motata a Agege

Motata Toyota Land Cruiser ce ƙirar 80, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, mai injin dizal 1HZ, kuma da ita nake kai abincin kaji gonakin da ke bayan Ikorodu da Epe, inda kwalta take ƙarewa a faɗa cikin laka. A damunar bana, wadda ta yi ƙarfi a watannin Yuni da Yuli kamar yadda ta saba a Legas, ƙafar gaba ta dama ta fara jiƙewa ta ciki. Da farko danshi ne da ƙura ta lulluɓe, daga baya ya koma wani baƙin kunu mai kauri da ke gangarowa ta bayan taya, har yana ɗiga a duk inda motar ta kwana. Na kai ta wani wuri kusa da gida, aka canza sil, wato robar da ke hana mai zuba, aka ɗura giris, amma mako uku bai cika ba yoyon ya dawo. A nan ne wani abokin kasuwancina ya yi mini kwatancen garejin da zan yi bayani a kansa, wanda yake cikin wani lungu a Agege kusa da layin dogo, mai shi kuma Bakano ne da ya koyi aiki a Ƙofar Ruwa kafin ya taso Legas.

Abin da ya fara sa na amince da shi shi ne bai ɗauki sifana ba sai da ya shafe kusan rabin sa'a yana bincike. Ya durƙusa ya lakato abin da ke zubar da yatsa, ya murza, ya sansana, sannan ya miƙo mini in ji warinsa. Ya ce, "Alhaji, abu uku ne ke iya jiƙa wannan wuri, kuma kowanne da alamarsa." Man birki ba shi da kauri, kuma in shi ne za a ga ya ragu a tankinsa da ke gaban mota, giris tsantsa ba ya gangarowa kamar ruwa, man giya kuwa warinsa mai kama da na ƙibiritu ba ya ɓuya. Wanda ke ƙafata man giya ne da ya cakuɗe da giris. Domin ya tabbatar, ya kwance notin da ake zuba mai a aksul na gaba, ya zura yatsa bai taɓo mai ba sai can ƙasa, kuma ɗan abin da ya fito ya yi fari-fari kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga. Daga nan ya ɗaga motar da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, aka ji tana ɗan wasa.

Bayanin da ya yi mini bayan haka ya fi komai amfani a gare ni. A wannan ƙirar mota, shaf ɗin da ke juya tayar gaba yana fitowa ne daga cikin aksul mai cike da man giya, ya shiga cikin wani dunƙulallen ƙarfe mai kama da ƙwallo wanda ƙafar ke juyawa a kansa idan an murɗa sitiyari, kuma giris ne kaɗai ya kamata a samu a cikinsa. Abin da ya raba man da giris sil ne guda ɗaya na ciki. Idan ya mutu, mai yakan kwararo ya narkar da giris, sai kunun ya fito ta robobi da auduga na baya, waɗanda aikinsu share ƙura ne, ba tare ruwan mai ba. Waɗanda suka fara yi mini aiki waɗannan na bayan suka canza, domin su ne ake gani a jiƙe, kuma su ne masu sauƙin kaiwa.

Bai tsaya a nan ba, ya ce sai an san abin da ya kashe sil ɗin. Ya miƙa hannu saman aksul ya ciro ɗan bututun da aksul ke numfashi ta cikinsa, ya hura, iska ta ƙi wucewa saboda busasshiyar laka ta toshe shi. Idan mota ta yi tafiya man giya yakan ɗauki zafi, iskar ciki ta kumbura, in ba ta samu mafita ba sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. Haka kuma idan aksul mai zafi ya faɗa cikin ruwan ambaliya, irin wanda duk mai tuƙi a Legas ya sani, iskar takan tsuke nan take ta zuƙo ruwa ciki. Wannan ɗan abu da bai kai yatsa tsawo ba shi ne tushen wahalar da na sha, kuma babu wanda ya taɓa duba shi tun da na sayi motar.

Kwance ƙafar ya nuna sauran ɓarnar. Yana da soket mai lamba 54 da aka yi domin manyan notin ƙafa, kuma ya nuna mini yadda aka sassare nawa da kurfi da guduma a baya. Da shaf ya fito aka wanke shi da kananzir, ya sa na bi da farce a daidai inda leɓen sil yake hawa, na ji wani siririn rami ya zagaye ƙarfen. Ya ce ko sabon sil na asali aka ɗora a kan wannan rami ba zai daɗe ba, ya ba ni zaɓi tsakanin a sauya zurfin da sil ɗin zai zauna kaɗan domin ya kauce wa ramin, ko a nemo wani shaf. Na zaɓi na biyu, muka tafi kasuwar Ladipo da ke Mushin tare da babban yaronsa, wanda ya ƙi guda biyu kafin ya yarda da wani tokunbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai santsi. Boris ɗin sama da na ƙasa waɗanda ƙafar ke juyawa a kansu duk ruwa ya cinye su, aka sa sababbi na kamfanin Koyo, kuma ya daidaita ƙarfin ɗaurinsu da siraran faranten ƙarfe yana gwadawa da ɗan ma'auni mai ƙugiya, abin da ban taɓa ganin wani bakanike ya yi ba a nan. Ya cika kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙwallon da baƙin giris mai sinadarin moli, ya zuba sabon man giya 80W-90 kusan lita uku, ya canza birkin ɓangarorin biyu saboda na dama ya sha mai, sannan ya ja wa bututun numfashin doguwar tiyo har cikin ɗakin inji inda ruwa ba ya kaiwa.

Wurin yana da nasa aibi, kuma ya kamata mai zuwa ya sani. An yi mini alkawarin kwana biyu, aikin ya ci huɗu, kuma a tsakani na sha kiran waya ba a ɗauka ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da abincinsa ke kan mota. Ba a ba da rasit a rubuce, sai da na nemi a lissafa mini kayan da aka saya a takarda. Babu wurin zama sai wani benci a ƙarƙashin rumfar kwano, lungun kuma yana cika da ruwa idan an yi sama. Kuɗin hannunsa ya ninka na wurin farko, kuma ba ya ragi. Na ji nauyinsa a ranar, ko da yake aikin farko da na biya arha sai da aka sake shi gaba ɗaya. Ya kuma matsa a buɗe ƙafar hagu, wadda ba ta fara zuba ba, na yi jinkiri kafin na yarda, amma da aka buɗe giris ɗinta ya riga ya fara sakin jiki.

Yanzu wata biyu ke nan, na je Epe sau da yawa, kuma kowace safiya a makonnin farko ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashin ƙafafun gaba in duba, ban ga ko ɗigo ba. Na koma bayan tafiyar kilomita dubu kamar yadda ya umarta, ya sake gwada notin ƙasan ƙafar da wasan taya bai karɓi ko kwabo ba. Ga mai tsohuwar Land Cruiser ko Patrol ko Land Rover da ke shiga laka, ina ba da shawarar wannan gareji, da sharaɗin ya ware kwanaki fiye da waɗanda za a faɗa masa, ya kuma nemi a bar shi ya ga tsofaffin kayan da aka cire. Ni dai na riga na ajiye ranar da zan mayar da motar a duba aksul na baya kafin damuna mai zuwa.