Wane layin fifiko ya kamata mai rubuta manhaja da Haskell ya zaɓa?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ya saba da Python ko Java, inda ake samun layin fifiko a shirye, yakan yi mamaki idan ya koma Haskell ya tarar babu shi a tarin kayan aiki na asali da harshen yake zuwa da su, wato base. Layin fifiko shi ne tsarin da ba wanda ya riga zuwa ake fara sallama ba, sai wanda ya fi cancanta, kamar yadda ake fara duba mai ciwon gaggawa a asibitin Shika ko da shi ne ya zo ƙarshe. Abin da ya sa lamarin ya bambanta a Haskell shi ne bayanai ba sa sauyawa bayan an ƙirƙire su, saboda haka tsarin nan na jeri da ake ta musanya abubuwa a cikinsa bai dace da harshen ba, sai dai a yi amfani da tsarin bishiya.

Zaɓi mafi kusa shi ne Data.Set na ƙunshin kayan aiki mai suna containers, wanda yake zuwa tare da GHC, wato manhajar da ke fassara Haskell ga kwamfuta, don haka wanda datarsa ta ƙare a Samaru ba sai ya sauke komai ba. Ana zuba abubuwa da insert, a ciro mafi ƙanƙanta da minView, kuma ko abubuwa miliyan ɗaya ne a ciki, kowane aiki matakai ashirin da 'yan kai yake ci. Sai dai Set ba ya ajiye abu iri ɗaya sau biyu, saboda haka dole a haɗa kowane fifiko da wata shaida ta daban, in ba haka ba wani abu zai ɓace ba tare da an ga saƙon kuskure ba.

Wanda maimaici ya dame shi, ko yake son sauri wajen zubawa, ƙunshin pqueue ya fi dacewa da shi, domin don wannan aiki aka gina shi, yana karɓar maimaici, kuma yana da ɓangaren da ke fara fito da ƙarami da wanda ke fara fito da babba. Akwai kuma heaps na Edward Kmett, wanda aka ɗora a kan tsarin da Brodal da Okasaki suka wallafa a 1996, inda haɗa layuka biyu ba ya ƙara cin lokaci komai girmansu, amma manhajoji kaɗan ne suke yawan haɗa layuka har wannan ya zama dalilin zaɓa.

Inda ya kamata a tsaya a yi nazari shi ne idan fifikon abu zai sauya yana cikin layi. A ɗauki aikin kammala karatu na gano hanya mafi gajarta daga Samaru zuwa Kongo ta dabarar Dijkstra ta 1959: da zarar an gano cewa bi ta wata mahaɗa ya fi kusa da Sabon Gari, sai a rage nisan da aka rubuta masa a baya. Da pqueue babu hanyar nemo Sabon Gari a tsakiyar layi, sai dai a sake zuba shi da sabon nisa, a yi watsi da tsohon idan ya fito, abin da ke aiki amma yana kumbura layin. Da Set ana iya goge tsohon a zuba sabo, muddin an ajiye tsohon nisan a wani Map, wato tsarin da ke haɗa kowane suna da bayaninsa. Ƙunshin psqueues kuwa, wanda ya samo tushe daga aikin Ralf Hinze na 2001, yana neman abu da sunansa da kuma fifikonsa a tsari guda, kuma nau'insa mai suna IntPSQ ya dace idan lambobi aka ba mahaɗun.

A ganina, ɗalibi ya fara da Set, domin zai kai shi ƙarshen yawancin ayyukan aji. Idan ya ga yana riƙe Set da Map a tare don bibiyar abu ɗaya, to lokacin komawa psqueues ya yi, kuma ya duba ranar da aka sabunta ƙunshin a Hackage, shafin da ake sauke ƙunshe-ƙunshen Haskell, kafin ya sauke, ya tabbatar ya dace da GHC ɗin da ke kwamfutarsa.