Knies ko Slafkovský: sunan wa za a buga a bayan rigar yaron?

Alhaji barka da hutawa. Ka tambaya wace za ka saya wa yaron cikin rigunan 'yan wasan nan biyu na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Rigar Matthew Knies na Toronto za ka saya wa yaron, mai lamba 23, ka bar ta Juraj Slafkovský na Montreal sai wani jiƙon. Duka biyun ina da su a gida, ɗaya a rataye cikin kabad, ɗaya a gareji ina goge gilashin mota da ita, saboda haka ba da ka nake magana ba.

Tun da ka ce yaron ya fi tsaransa jiki, kuma kocinsu na hokin ƙanƙara kullum bakin raga yake tura shi, to aikin da suke kira pawa fowad ake shirya masa, wato ƙaton ɗan gaba. Aikin wahala ne, ba na kwalliya ba. Shi ke shiga kusurwa ya haɗa kafaɗa da masu tsaron baya a jikin katanga har sai ya ƙwato fak, 'yar baƙar robar nan da ake bugawa. Shi ke tsayawa gaban gola ya tare masa gani, ana dukan bayansa da sanda, yana jiran abin da zai faɗo. Yawancin ƙwallayensa ba daga nesa yake cin su ba, a cikin turmutsutsu ne, taku biyu ko uku daga raga. Yaran nan biyu da kake tambaya a kansu tsayinsu ɗaya, ƙafa 6 da inci 3, kowanne ya haura kilo 100, kuma dukansu jinin Slovakia ne: Slafkovský a Košice aka haife shi, Knies kuwa iyayensa ne suka yi ƙaura daga can zuwa Amurka, aka haife shi a Phoenix, garin da zafinsa zai tuna maka da Sakkwato a watan Afrilu. Bambancinsu shi ne ɗaya an bar shi ya nuna a bishiya, ɗayan an tsinke shi ɗanye aka ce ya ƙarasa nuna a kasuwa.

Knies babu wanda ya yi rububinsa. Toronto ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen matasa na 2021, shi ne na 57, ma'ana kusan duk ƙungiyoyin nan sun gan shi sun wuce. Bai zo ba kuma. Ya tafi Jami'ar Minnesota ya yi kaka biyu yana karawa da samari 'yan shekara 22 da 23, ya shiga cikin ukun ƙarshe na kyautar Hobey Baker ta gwarzon 'yan jami'a a 2023, suka je wasan ƙarshe na ƙasa Jami'ar Quinnipiac ta doke su a ƙarin lokaci. Washegari ya sa hannu da Toronto. Wasa uku kacal ya buga aka shiga zagayen neman kofin Stanley, babban kofin gasar, aka jefa shi gaban Tampa Bay, ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe shekara uku a jere. Yaron ko gezau. Yana cikin waɗanda suka haɗa ƙwallon da John Tavares ya ci a wasa na shida, daren da Toronto ta tsallake zagayen farko karo na farko tun 2004. A zagaye na gaba Sam Bennett na Florida ya maka shi da ƙasa, ya samu buguwar kai, kakar ta ƙare masa a nan. Ni dai tun a makonni ukun nan na ce wannan ya san abin da aka kawo shi yi.

Rigarsa na saya a ƙarshen 2023, matata tana cewa wai duk taurarin ƙungiyar, Matthews da Marner da Nylander, sai na tsallake su na ɗauko wanda ba a san shi ba. Daren 30 ga Afrilu 2024 rigar ta biya ni kuɗina. Wasa na biyar da Boston, a gidansu, suna gaba da wasa uku da ɗaya, wanda ya fara cin huɗu shi ke wucewa, idan aka ci mu an tafi hutu ke nan, ga Auston Matthews bai buga ba. Muna ɗakin ƙasa ni da ɗana, na ce masa ya je ya kwanta gobe makaranta, ya ce sai an gama. Ɗaya da ɗaya aka tafi ƙarin lokaci. Shayin da na haɗa ya huce a kan tebur ban taɓa shi ba. Tavares ya kutsa ta gefe ya tura fak gaban raga, golan Boston Jeremy Swayman ya tare ta faɗo, sai ga lamba 23 ya iso daidai inda ake biyan sa ya tsaya, ya tura ta ciki. Ihun da muka yi sai da uwargida ta sauko da tsintsiya a hannu, ta zaci wani abu ne ya shigo gidan. Ɗana ya kwana da rigar, ta kai masa gwiwa. (Kada ka tambaye ni wasa na bakwai. Mu magoya bayan Toronto tun 1967 ake jira, ni ma da na zo daga baya na gaji ciwon.)

Abin da nake so yaronka ya kalla a wannan ƙwallon ba ƙarfi ba ne. Knies bai tsaya kallon Tavares ba, tun kafin a buga ya kama hanyar raga, sandarsa a ƙasa. Yara masu jiki sukan saba da ture 'yan uwansu su wuce, har ranar da kowa ya kamo su a girma, sai ka ga ba su da wata dabara. Kuma ka tuna a nan Kanada tun 2013 aka hana bangaza a rukunin 'yan 11 da 12, sai daga 13 ake fara ta a manyan rukunai, to a yanzu ƙafa da sanin wurin tsayawa ne za su amfane shi, ba kafaɗa ba.

Lissafin ma yana bayansa. Kakarsa ta farko cikakkiya, 2023-24, ƙwallo 15 da maki 35 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) a wasa 80. Ta biyu, ƙarƙashin koci Craig Berube wanda dama irin wannan wasan na ƙirji yake so, ƙwallo 29 da maki 58 a wasa 78, har da uku rigis a wasa ɗaya sau biyu, ɗaya a ragar Boston ɗaya a ta Tampa. Ya ƙara biyar a zagayen neman kofi na 2025. Toronto ta ba shi kwantiragin shekara shida, dala miliyan 46.5, wato 7.75 a shekara. Wannan ma lissafi ne ga mai sayen riga: ba za ka buga suna yau gobe a wayi gari mai sunan yana wani gari ba, ko da yake a wannan harkar babu wanda ya fi ƙarfin a sayar da shi.

Ba zan ɓoye maka inda nake jin tsoro ba. Ƙwallo 29 ɗin nan ya ci su ne yana layi ɗaya da Matthews da Mitch Marner, kuma Marner ya tafi Vegas a Yulin 2025. Wanda ya saba ana ɗora masa a faranti, abin dubawa shi ne ko zai iya ɗebo wa kansa. Kuma kusan duk bugu biyar da ya yi ɗaya ta shiga a waccan kakar, abin da ba kasafai yake ɗorewa ba. Ko ya sauka zuwa 22 ko 25, aikin kusurwa da na bakin raga ba sa tafiya ko'ina.

To Slafkovský. Ƙanin matata, mutumin Damagaram da ke zaune a Montreal, shi ya hura mini kunne. A gasar Olamfik ta Beijing a 2022 yaron yana da shekara 17 ya ci bakwai a wasa bakwai, aka ba shi gwarzon gasa, Slovakia ta samu tagulla, lambarta ta farko a hokin Olamfik. Su ne ma suka fitar da Amurkar da Knies ke ciki. Ranar 7 ga Yulin 2022, a zaɓen matasa da aka yi a Montreal ɗin kanta, ƙungiyar garin ta tsallake Shane Wright da kowa ya zata ta ɗauki Slafkovský na ɗaya. Surukin nawa ya kira ni muryarsa har ta dushe. Abin da ni da shi muka ƙi dubawa shi ne 'yan wasan NHL ba su je waccan Olamfik ɗin ba saboda korona, kuma a gasar Finland, inda yake buga wa TPS ta Turku, ƙwallo biyar ya ci a wasa 31. Aka sa shi a babbar ƙungiya yana 18 maimakon a tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Laval ya dahu, abin da mutanen Montreal suka yi ta jayayya a kai. Kakar farko: wasa 39, ƙwallo huɗu, maki 10, ya ji rauni a Janairun 2023 aka rufe littafi. Sau da yawa za ka gan shi kansa a ƙasa yana neman fak, a zo a kwashe shi.

Ya gyaru, wannan ba na musu. Kocinsu Martin St. Louis ya haɗa shi da Nick Suzuki da Cole Caufield, ya yi maki 50, aka ba shi shekara takwas a kan dala miliyan 60.8, sannan ya yi 51. Knies ya girme shi da kusan shekara ɗaya da rabi, kuma ƙatti ba sa nuna da wuri: Joe Thornton da aka ɗauka na ɗaya a 1997 maki bakwai ya yi a kakarsa ta farko, Tage Thompson sai da ya kai 24 kafin ya ci 38. Hannun Slafkovský wajen ba da fak ya fi na Knies laushi, kuma mai yiwuwa nan da shekara uku ya zarce shi, a zo a yi mini dariya. Amma kaka biyu a jere, 2023-24 da 2024-25, yana fara ta da sanyin jiki sai an raba tsakiya ya farka, wani daren kuma ka ga mutum mai wannan ƙirar yana yawo a gefe yana neman wanda zai ba, raga tana gabansa. Yaronka abin koyi yake nema na yau, ba alkawari ba. Ga kuma batun sa jar rigar Montreal a shiga makaranta a Brampton da ke gefen Toronto, wannan na bar maka.

Nadamar da na yi ba laifin ɗan wasan ba ne, zumuɗina ne. Kuma nan ne zan faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Ana fara kakar 2022 na ga wani ya sa talla a intanet, rigar Slafkovský sabuwa dal da takardarta, ƙasa da rabin kuɗin kanti. Ya ce kyauta aka ba shi ba ta yi masa ba. Muka haɗu a wurin ajiye motoci na wani kantin sayayya da magariba, yana ta duba agogo wai aiki zai koma. Sai da na zo gida ƙarƙashin fitila na ga jan ya fi kama da na tumatirin gwangwani, haruffan sunan sun karkace kamar layin 'yan firamare, zare ɗaya ya bi daga harafi zuwa harafi ba a yanke ba. Wanki biyu lambar ta kumbura ta fara ɓarewa. Na koma neman mutumin, shafin ya ɓace. Araha ba ta ado.

Saboda haka kada ka karɓi riga a mota, kada ka tura kuɗi kafin ka gani, kuma duk shafin da ke da kowane suna da kowane girma a farashi ɗaya mai sauƙi, jabu yake sayarwa. Adidas ce ke ɗinka rigunan gasar daga 2017 zuwa 2024, daga kakar 2024-25 Fanatics ta karɓa, to wanda ya ce maka yana da sabuwar Adidas ta bana ka san inda ya dosa. Juya rigar ka duba ɗinkin ciki, na gaske a kwance yake, babu tarkacen zare da farar takarda. Ganyen da ke ƙirjin rigar Toronto tsini 31 gare shi da jijiya 17, kuma a na jabu gefunan sukan yi laushi su lanƙwashe, shuɗin ya yi haske ko ya koma kamar bula. Irin ta manya mai tsada tana da wani ɗan maɗauri a ciki ta baya, wanda 'yan wasa ke maƙalawa a wando don kada a cire musu riga wajen faɗa. Masu jabu ma suna sa shi yanzu, siriri kamar igiyar takalmi, don haka ganinsa kaɗai ba hujja ba ne.

Idan ya dame ka da katin ɗan wasan, wanda yaran ke tarawa, na kamfanin Upper Deck mai rubutun Young Guns shi ne na shekarar farko da ake nema. Sayi guda ɗaya a shagon kati mai ƙofa da adireshi. Fakitin da aka buɗe aka zare mai kyau aka sake liƙewa yana yawo sosai, haka ma akwatin roba mai tambarin ƙarya na PSA, kamfanin da ke tantance katunan. Lambar da ke jikinsa ana duba ta a shafinsu, ka duba a gaban mai sayarwa. Kuma kada wani ya ce maka jari ne.

Yaro ɗan 12 da ke ƙara tsayi kowane wata ba ya bukatar mai tsadar nan. Je kantin ƙungiyar a Scotiabank Arena ko babban shagon kayan wasanni, ɗauki matsakaiciyar, shuɗiya ta gida, ka ƙara girma ɗaya a kan nasa saboda a kan rigar sanyi zai riƙa sa ta. A buga KNIES da 23. In ka ga ranar Asabar za ka shiga gari, kira ni mu tafi tare, nawa ma ya fara cewa a sayo masa tasa ya daina aron tawa.