Zaren ulu mai canza kala da kansa, ni dai ya ƙona min rai

'Yan uwa masu saƙa bari in ba ku labarin zaren nan mai kala-kala da na saya a wani shago cikin kasuwar Sheikh Gumi. Irin wanda aka rina shi gaɓa-gaɓa ne tun daga kamfani, kina saƙa yana fitar da layi-layi da kansa, ba sai kin yanke kin ɗaura wata kalar ba. Dunƙule 3 na ɗauka, kowanne giram 100, niyyata in yi wa Baba mayafin wuya saboda fita sallar asuba, kun san sanyin Kaduna in Disamba ta shiga.

Farko abin gwanin sha'awa, shuɗi ya wuce, toka-toka ya shigo, sai ja mai duhu. Ina kaiwa wajen taƙi biyu kawai na ji ƙulli a yatsana. Ashe zaren tsinkewa ya yi a wajensu suka ɗaure, kuma ba su ɗaura daga inda kalar ta tsaya ba, daga tsakiyar shuɗi sai ga ja ya faɗo kamar an jefo shi, toka-tokan ya ɓace gaba ɗaya. Na warware na yi ta jan zare ina neman inda tsarin zai dawo daidai, abin da na yanke na zubar ya isa safar jariri wallahi. Ƙulli 4 na ƙirga a dunƙule ɗaya! Toh in ni ce zan zauna ina yanka ina haɗa kala, me ya sa na biya kuɗin mai canzawa da kansa?

Ga shi murɗin zaren sako-sako ne, tsinken saƙa sai ya riƙa shiga tsakanin silin yana raba shi. Dunƙule na biyu kuma shuɗinsa ya fi na farko haske, nan kam laifina ne, ban duba lambar rinin da ke jikin takardar ba, da na duba daga baya na ga ba ɗaya ba ce.

Na koma shagon na ce Alhaji ka ce min ulu ne zalla, ya ce Hajiya haka kwalin ya zo mana, kuma wanda aka taɓa ba ya komawa. Bai yi min faɗa ba gaskiya, har ruwa ya ba ni. Da na dawo gida na kyasta wa guntun ashana, ulun gaske warin gashi yake yi ya zama toka, wannan kuwa narkewa ya yi ya dunƙule kamar leda.

Na dai ƙarasa mayafin da ƙyar. Wankin farko jan ya zuba ya ɓata toka-tokan, duk da ruwan sanyi na sa. Baba ya karɓa ya sa min albarka, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce Uwata wannan tutar wace ƙasa ce?