Ruwan feshin nan mai "goge komai" da abin da ya yi wa teburina

Masu bina ta inbos suna tambayar ya na ga ruwan feshin da ake ta talla a sitatus, wai yana goge komai da komai, ga amsa nan kowa ta gani don na gaji da maimaitawa. Ba zan kama sunan mai sayarwar ba, matan Kaduna dai kun san ta kun kuma san kuɗinsa, banda abin da ɗan saƙo ya caje ni daga cikin gari zuwa Kawo.

Ni dalili ɗaya ya sa na saya. Auta ta fara cin abinci kuma ba ta yarda a ba ta a baki sai ta fizge cokali, Cerelac a hannun kujerarta, a tayil, a ƙafar tebur, har bangon kusa da firij bai tsira ba. Yayanta shi kuma Golden Morn ne kullum safe, rabi a ciki rabi a tebur. Da hunturun nan kafin ki kai yaro makaranta ki dawo abin ya ƙame ƙam, ki sa farce ki ji kamar siminti.

A bidiyon tallar fesawa ɗaya ake a share. Ni na fesa na share, ƙamshin lemon tsami ya cika falo, Cerelac yana nan daram ko gezau. Na yi wa mai sayarwar magana ta ce Hajiya ai sai kin bari ya jiƙa sosai. To na fesa a teburin cin abinci na bar shi kamar yadda ta ce, teburin nan na katako yana cikin kayan ɗakina, Baba da kansa ya sa kafinta ya yi min. Da na zo gogewa abincin ya fita kam, amma tare da banish ɗin katakon ya fita. Wurin ya yi fari dabbare-dabbare, inda ruwan ya gangara ma ya ja layi har gefe, in kika shafa sai ki ji yana kama hannu. Wallahi zama na yi a ƙasa. Na juya robar gaba da baya, babu gargaɗin kar a sa a katako, babu jerin abin da aka haɗa shi da shi, lambar NAFDAC ma babu.

Tsakani da Allah a kan gas kuka yana aiki. Maiƙon suya da ya daɗe a jikin tayil ɗin kicin narkewa ya yi nan take, a nan kam na yaba, har na ce ko zan ba shi rabin maki.

Maƙwabciyata malamar kimiyya ce a sakandare, ita ta warware min zancen. Ta ce irin waɗannan don maiƙo aka yi su, shi kuwa abincin yara garin hatsi ne, alkama ko masara, wato sitaci, shi ɗin dai da ake sa wa shadda ta sandare. Ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya manne, kuma ruwa ne zai sake sassauta shi. Yanzu tsumma nake jiƙawa da ruwan ɗumi da ɗan ɗigon sabulun wanke-wanke in shimfiɗa a kai minti 10 zuwa 15, in ɗaga in bi da tsohon katin ATM, sai ki ga yana tashi ɓawo-ɓawo. Ɗumi na ce ba tafasasshe ba, don in da madara ko ƙwai a ciki zafin ƙara dafa su yake su kama. Lungun kujerar Auta da layin tsakanin tayil tsohon buroshin haƙori ya ishe su. A katako ki matse tsumman sosai kuma kar ya daɗe. Bango mai fentin ruwa dangwalawa ake, kika dirza fentin zai biyo ki. Soson ƙarfe kar ma ki ɗauko, zai karce miki roba ya zama maɓoyar datti. Masu son biniga kuma ban da kan mabul, yana cinye shi, sannan don Allah kar wadda ta haɗa shi da bilic, iskar da ke tashi guba ce, ga yara a gida.

Kai na fasa ma rabin makin. Yanzu na wuce ta gaban teburin raina ya sake ɓaci, abin da ruwan famfo da tsumma suka yi min kyauta shi na biya kuɗi aka ɓata min kaya a kai. Da na tura wa mai sayarwar hoto cewa ta yi wai katakona ne ba mai kyau ba, daga nan ta daina buɗe saƙona amma sitatus bai fasa hawa ba. Kafinta ya zo ya duba ya ce ba a faci, sai an goge saman gaba ɗaya da sanfefa an sake feshi, maigida ya ji kuɗin ya ce mu bari sai ƙarshen wata. Leda na shimfiɗa a kai kafin nan. Sauran ruwan yana saman kabet inda Auta ba ta kaiwa, gas kuka kaɗai yake gani, in ya ƙare ya ƙare kenan.