VirtualBox, virt-manager ko VMware: duba masu kula da kod kafin ka zaɓa

Duk mai son kunna Windows a cikin Linux, ko gwada Ubuntu ba tare da ya goge abin da ke laftof ɗinsa ba, yana buƙatar manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta. Ranar farko dukansu suna aiki lafiya lau. Bambancin yana fitowa ne bayan wata shida, ranar da tsarin kwamfutarka ya sabunta kansa. A ranar za ka gane ko akwai masu bin kod ɗin manhajar suna gyarawa, kuma ko an gina ta yadda gyaran zai yi sauƙi.

VirtualBox ce yawancin mutane ke fara sani, kuma ta cancanta. Kamfanin Innotek na Jamus ne ya ƙirƙire ta, Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Tana aiki a Windows da Linux da Mac, an rubuta ta da C++, fuskarta kuma da Qt. Ita ke ɗauke da kayanta gaba ɗaya: injin, da fuskar, da ƴan direbobin (ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da na'urar) da take cusawa cikin kanel, wato zuciyar tsarin. A Windows wannan ba ya damun kowa sosai. A Linux kuwa nan gizo ke saƙa. Direbanta mai suna vboxdrv ba ya cikin kod ɗin kanel, don haka duk sabon kanel sai an sake gina shi. Idan ginin bai yiwu ba, ka danna maɓallin kunnawa sai akwatin kuskure ya fito da lamba rc=-1908, yana ce maka ka je ka gudanar da vboxconfig. In kuma Secure Boot, tsaron da ke hana loda kod ɗin da ba a tantance ba, na kunne, sai ka sa wa direban hannu na dijital kafin kanel ya yarda da shi. Mai amfani da nau'in Linux irin Fedora ko Arch, inda kanel ke sauyawa a kai a kai, ya shirya wa wannan. Sannan a karanta lasisi: tushen manhajar na GPL ne, lasisin buɗaɗɗen kod, amma Extension Pack, ƙunshin ƙarin kayan aikinta, yana da nasa sharuɗɗa, kyauta ga mai amfanin kansa, ofis kuwa sai ya biya.

Ginin virt-manager daban yake, kuma shi ne ya fi burge ni. Fuska ce kawai, an rubuta ta da Python da GTK. Tana magana da libvirt, manhajar da ke tsakani, shi kuma ya umarci QEMU da KVM, injinan da ke kunna kwamfutar ta ciki. KVM yana cikin kanel na Linux tun fitowa ta 2.6.20 a 2007, saboda haka masu sabunta kanel su ne masu gyara shi, babu direban da za ka sake ginawa. Wannan rabon aiki ya sa masu kula da ita suka iya manyan gyare-gyare ba tare da kwamfutocin mutane sun lalace ba. Sun ƙaura daga GTK 2 zuwa GTK 3, sun kammala komawa Python 3 a fitowa ta 2.0 a 2018, tun kafin a daina kula da Python 2 a farkon 2020. Bayanin kowace kwamfuta yana ajiye a hannun libvirt cikin rubutun XML, don haka ko fuskar ta ƙi buɗewa, umarnin virsh zai tada maka kwamfutar.

Gyaran nan ya zo da tsada. Don rage kod ɗin da suke ɗauka, masu kula da ita sun cire wasu maɓallai daga fuskar, suka sa wurin gyara XML da hannu. Wanda bai saba ba zai ji kamar an miƙa masa sifana an ce ya shiga ƙarƙashin mota. Kamfanin Red Hat ma, inda aka haife ta, ya sanar tun RHEL 8, fitowa ta 8 ta Linux ɗinsa, cewa ya karkata ga Cockpit, fuskar da ake buɗewa a burauza. Ba ta mutu ba, fitowa ta 5.0 ta zo a 2024, amma hannayen da ke riƙe da ita ba su da yawa. Kuma a Linux kaɗai take da daɗin zama.

GNOME Boxes ƙanwarta ce, libvirt ɗin dai take hawa, an rage mata zaɓuɓɓuka. Ta ishi ɗalibi mai gwaji.

VMware Workstation ta girme su duka, tun 1999 take. Kod ɗinta a rufe yake, ba ka ganin yadda ake kula da shi, sai abin da kamfani ya fitar. Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023, a 2024 aka mai da Workstation Pro kyauta. Kyautar ta yi, kuma wajen zane mai motsi a cikin Windows tana da ƙarfi. Sai dai ita ma a Linux tana da direbobinta, vmmon da vmnet, da ake ginawa a gefe, kuma in suka ƙi shiri da sabon kanel, jiran kamfani za ka yi ko ka nemi facin da wasu suka rubuta.

In Windows ce a kwamfutarka, ɗauki VirtualBox ko VMware, bambancinsu ba zai hana ka barci ba. In Linux ce kuma za ka daɗe da aikin, ni virt-manager zan ce, ka daure wa koyon XML na mako guda. Mai Mac na M1 zuwa sama ya duba UTM, wadda ita ma QEMU ce a ƙarƙashinta, ko Parallels in yana da kuɗin biya. Kowacce ka ɗauka, ka san nau'in faifan da take ajiyewa: VDI na VirtualBox, VMDK na VMware, qcow2 na QEMU. Umarnin qemu-img yana juya ɗaya zuwa ɗaya, amma ka cire direbobin da tsohuwar manhajar ta sa a cikin Windows ɗin da take kunnawa kafin ka yi ƙaura.