TLC mai binciken tsarin manhaja ya kamo laifina, ya kuma cinye mini faifai

Wata 2 ina zargin hanyar sadarwa, ashe ɓarawon na cikin gida ne. Na rubuta tsarin ABT na Makoto Yokoo, wanda wakilai, wato ƙananan manhajoji masu aika wa juna saƙo, ke warware matsala ɗaya ba tare da shugaba ba, a nan raba launuka ta yadda maƙwabta ba za su riƙe launi ɗaya ba: kowa ya zaɓi launinsa ya sanar da na ƙasa da shi a jeri, wanda ya rasa mafita kuma ya mayar da saƙo sama cewa wannan haɗin ba zai yiwu ba. Gwaje-gwajena duk lafiya lau. Amma jefi-jefi sai wakilan su yi tsit kamar sun gama, alhali maƙwabta biyu na riƙe da launi ɗaya.

Da ƙyar na yarda na koyi TLA+ na Leslie Lamport, harshen zana tsarin manhaja don a binciki ingancinsa. Na bi ta PlusCal, harshen da ake fassarawa zuwa TLA+, don ya fi kama da rubutun manhaja. Na saka wakilai 3 da launi 2, na saki TLC, mai binciken zanen TLA+, ya bi duk jerin da saƙonni za su iya isowa. Ban gama shan shayi ba ya jero mini matakan ɗaya bayan ɗaya. Wakili ya karɓi saƙon ƙorafi wanda lokacinsa ya wuce, ya yi watsi da shi, bai sake aika launinsa ga mai ƙorafin ba. Shi kuwa mai ƙorafin ya riga ya goge launin daga lissafinsa, sai ya zauna yana ganin komai daidai. Layi ɗaya tak na manta! Wallahi kunya ta kama ni. A ranar na gane dalilin da ya sa injiniyoyin Amazon suka yabi TLA+, bayan ya tono musu kuskure mai matakai 35 a rumbun bayanansu na DynamoDB.

To, daɗin bai daɗe ba. Da na ƙara wakilai zuwa 5, yanayoyin da TLC zai duba suka hayayyafa, kwamfutar ta kwana tana huci, da safe faifai ya cika babu amsa. Na ce bari in rage aikin ta hanyar ɗaukar launuka masu musanyawa a matsayin abu ɗaya, sai na tarar dabarar ba abin dogaro ba ce idan ana duba ko tsarin zai kai ƙarshe, kuma abin da na fi buƙata ke nan. Hujjar da ta shafi kowane adadin wakilai kuwa sai an koma TLAPS, manhajar tabbatar da hujjojin TLA+, an rubuta ta da hannu. Ga shi zanen tsarin kawai TLC yake dubawa, ainihin manhajata ta Java ko kallonta bai yi ba.

Zan ci gaba da amfani da shi, amma a wakilai 4 na tsaya.