Kafin Ka Sayi Hannun Jarin Kamfanin Neman Ma'adinai

Ƙaramin kamfanin binciken ma'adinai ba shi da zinariyar sayarwa tukuna. Dukiyarsa ita ce lasisin fili, da masana duwatsu, da kuɗin da ya tara a hannun jama'a don ya huda ƙasa ya ga abin da ke ciki. Da yawansu suna kasuwar TSX Venture ta Kanada ko ASX ta Ostareliya. Duk lokacin da kuɗin ya ƙare sai su fitar da sababbin hannayen jari, kasonka ya ƙara tsukewa. Don haka kafin ka duba hotunan duwatsu masu ƙyalli, duba nawa ya rage a asusunsu, kuma wata nawa zai ɗauke su.

Waɗannan kamfanoni iri-iri ne. Na farko, wanda bai gano komai ba tukuna, shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi haɗari. Cinikin biri a sama ke nan. In an dace, riba ba ta misaltuwa. Great Bear Resources ya gano zinariya a yankin Red Lake na Ontariyo, a 2022 babban kamfanin haƙar zinariya Kinross ya saye shi a kan kusan dalar Kanada biliyan 1.8. Amma mafi yawan irin waɗannan kamfanoni ba sa taɓa samun abin da zai zama mahaƙa.

Na biyu shi ne wanda ya riga ya gano ma'adinin, yana ƙoƙarin kai shi ga haƙa. A nan mutane suka fi ruɗuwa, suna ganin wahala ta wuce. Kamfanin Aurelian ya gano zinariyar Fruta del Norte a Ekwado a 2006. A 2008 gwamnati ta dakatar da ayyukan ma'adinai, farashin hannun jarin ya faɗi, kuma sai a 2019 aka fara fitar da zinariya, a hannun wani kamfanin daban. Ƙasar da filin yake tana da nauyi kamar abin da ke cikin dutsen. Sannan karanta rahoton masana: ƙiyasin da aka yi daga 'yan ramuka kaɗan ba ɗaya yake da wanda aka tabbatar da huda mai yawa ba. Dokar NI 43-101 ta Kanada, wadda ta tsara yadda ake fitar da irin wannan rahoto, ta fara aiki a 2001, bayan badaƙalar kamfanin Bre-X ta 1997, inda aka barbaɗa zinariya a cikin samfuran duwatsun filin Busang na Indonesiya. Kamfanin da ke talla fiye da abin da rahotonsa ya faɗa, ƙyale shi.

Akwai kuma masu tara filaye da yawa, su ba manyan kamfanoni kaso a kan su biya kuɗin hudar. Jarinka ba ya saurin tsukewa, sai dai in an yi sa'a rabonka kaɗan ne. Ni dai wannan tsarin ya fi kwanta mini.

Wanda ba shi da lokacin karanta rahoto, ya dubi asusun GDXJ na kamfanin VanEck, wanda ya tara hannayen jarin kamfanonin zinariya da yawa wuri ɗaya, ko kamfani irin Franco-Nevada da ke karɓar kaso daga abin da wasu suka haƙo. Ka sani fa, GDXJ ya fi cika da masu haƙa tuni, ba masu nema ba. In ka nace sai kamfanin da bai gano komai ba tukuna, raba kuɗin a kamfanoni da dama, ka bincika ko shugabannin sun sa nasu kuɗin a farashin da kake biya, kuma ya zama kuɗin da in ya salwanta gaba ɗaya ba zai taɓa abincin gidanka ba.